Amsa ga ɗan'uwanmu na Dammam da aka hana kuɗin asma da ciwon baya

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce VA, ma'aikatar kula da tsofaffin sojojin Amurka, sun rubuto maka cewa asmarka da ciwon bayanka ba su da alaƙa da aikin soja, kana tambaya ko ka bar wa Allah. Kada ka bari. Irin wannan takardar ni ma na riƙe ta a hannuna.

Fara duba kwanan watan da ke samanta. Shekara 1 gare ka daga wannan ranar, ba daga ranar da ta iso maka ba, kuma ka san yadda wasiƙa ke jan ƙafa kafin ta shigo Saudiyya. In ka ɗaukaka ƙara cikin shekarar ka yi nasara, tun daga ranar da ka fara nema za a lissafa maka.

Ni likitan da VA suka tura ni wajensa ya duba ni ne ya cuce ni. Mutumin ko tashi daga kujerarsa bai yi ba. Ya ce in sunkuya, na sunkuya ina cije leɓe, ya rubuta wai ƙuguna na lanƙwasuwa lafiya lau. Bai tambayi ranakun da nake salla a zaune ba, bai tambayi safiyar da uwargida ke saka mini takalmi yara na kallo ba. Da na karanta rahoton ina cikin mota a ƙofar masallaci a Riyad, har aka sallame ban iya fitowa ba. Allah ya isa, ban yafe ba. In an sake kiranka dubawa, ka tsaya daidai inda zafi ya fara, ka ajiye jarumtar bariki a gida.

Asmar ma ta fi sauƙi. Dokar PACT da Amurka ta yi a 2022 ta ce wanda ya yi aikin soja a Iraƙi, Kuwait ko nan Saudiyya daga 2 ga Agusta 1990, aka gano masa asma bayan ya bar soja, ana ɗauka hayaƙin ramukan ƙona shara ne ya jawo, ba sai ya kawo hujjar alaƙa ba. Cike fom 20-0995, na neman a sake duba buƙatarka da ƙarin bayani. Ciwon bayan ne ke son sabuwar hujja: hoton MRI, takardar likita mai danganta ciwon da aikin, da shaidar wanda kuka yi aiki tare. Fom 20-0996 kuwa babban jami'i ne zai sake karanta fayil, ba a ƙara masa komai. Na kwamitin ɗaukaka ƙara na VA da ke Washington, fom 10182, sai mai dogon haƙuri.

Kuma don Allah ka guji masu tallan intanet da ke neman kaso cikin kuɗinka. DAV da VFW, ƙungiyoyin tsofaffin sojojin Amurka, kyauta suke taimakawa.

Wace shekara aka hana ka, kuma a ina ka yi aiki? Turo mini ta ɓoye mu duba.