Hukuncin Killace Wata Dabara ta Harshen Kwamfuta

Tambaya: Malam, ni mai rubuta manhaja ne, ina haɗa ƙaramin harshen kwamfuta don koyar da ɗalibai. Na ji ana yi wa wasu dabarun harsuna rajistar mallaka. Idan na kwaikwayi irin wannan dabara, na ci haƙƙin wani?

Amsa: Bismillah. Ɗana, Allah Ya yi wa aikinka albarka. Shari'a ta san haƙƙin mai ƙirƙira. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ne, ba ya halatta a taka su. Saboda haka kwashe layukan da wani ya rubuta da guminsa, ba da izininsa ba, haramun ne. Idan kuma ka karɓi lasisi, sharuɗɗansa sun hau kanka, domin Musulmi suna kan sharuɗɗansu.

Amma dabara tsurarta wani abu ne daban. Kamfanin Microsoft ya taɓa neman rajistar kalmar IsNot a harshen Visual Basic, alhali aikinta bai wuce a tambaya ba: wannan da wancan ba abu ɗaya ba ne? Wannan ai nahawu ne. Wa ya taɓa biyan magadan Alkhawarizmi, masanin lissafi, ladan aljabara?

Abin da ya fi kama da shi a fiƙihu shi ne babin raya matacciyar ƙasa. Hadisi ya ce wanda ya raya ta, tasa ce. Sai dai Shehu Halil a Mukhtasar ya fayyace cewa kewaye fili kawai ba rayawa ba ne. Wanda ya sare daji, ya haƙa rijiya, ya dasa itatuwa, shi ke da gona. Wanda ya kafa turaku ya koma gida yana jiran mai shiga ya maka shi kotu, bai raya komai ba. Abin yana ci mini rai, domin irin wannan shinge, wato rajistar mallaka mai wa'adin shekara 20, ƙananan masu koyo yake tarewa, manya kuwa suna da lauyoyi. Misali, kamfanonin Oracle da Google sun yi shari'a kan harshen kwamfuta na Java tun 2010 har 2021.

Don haka a fahimtata, ka ɗauki dabarar ka rubuta naka da hannunka, babu zunubi. In za ka sayar da harshen naka a ƙasar da rajistar take aiki, kamar Amurka, ka tuntuɓi lauya tukuna, kada ka jefa dukiyarka cikin halaka. Allah ne mafi sani.