Wane boris ya dace da injin rotari na Mazda RX-8?

Tambaya: Malam, an kawo mini RX-8 gareji, injinta na ƙara. Da na kwance, ban ga boris mai ƙwallaye a kan sandar tsakiya ba, sai metal zagayayye, wato zoben ƙarfe mai santsi. In na sa mai ƙwallaye, ba zai fi gudu ba?

Amsa: A'a maigida, mayar da irin wanda ka tarar. Injin 13B da ke cikin RX-8, wadda Mazda ta ƙera daga 2003 zuwa 2012, rota biyu gare shi (ƙarfe mai kusurwa uku da ke juyi a madadin fistan) da metal huɗu. Biyu suna cikin giyoyi biyu da ba sa motsi, gaba da baya, su ke riƙe da sandar. Biyu kuma an danna su cikin rotocin. Kowanne zobe guda ne, ba ɓari biyu irin na injin fistan ba.

Sandar tana juyi uku kafin rota ta yi ɗaya, tana kuma kaiwa juyi 9,000 a minti. A wannan gudu ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe, a kan baƙin mai sandar take iyo. Man ta cikin sandar yake bi ya isa metal ɗin rota, wani kuma a fesa shi cikin rotar don ta huce. Boris mai ƙwallaye ba ya riƙe matsin mai, ga shi duk dukan fashewar fetur a kan 'yan ƙwallayen zai sauka. Ƙananan injinan rotari irin na baburan Norton ne ke amfani da boris mai birgima, domin su mai kaɗan-kaɗan ake ɗiga musu.

Abin da za ka zaɓa shi ne tazara tsakanin sandar da metal. Auna sandar, auna cikin metal, kada bambancin ya wuce milimita 0.1. Akwai metal na tsere mai faɗin tazara da zurfin kwarin da mai ke bi, amma sai da ƙarin matsin mai yake aiki. A motar zirga-zirga ɓarnar kuɗi ne, na Mazda ya wadatar.

Boris mai allura kuwa, wato mai siraran sanduna kamar allura, yana nan a gaban injin, bayan fuli, shi ke hana sandar wasa gaba da baya. A nan ake yawan yin ɓarna. In za ka kwance notin fuli alhali injin na kan mota, sa yaronka ya taka kuloci, kada ya ɗaga ƙafa sai ka gama. Da ya saki, sandar za ta ja baya, boris ɗin ya zame daga mazauninsa, kana ɗaure notin ka murƙushe shi.