Amsa: Pijo 504 akori-kura da ke zafi in an yi mata lodi

Malam, ka ce motarka tana tafasa ruwa in ka ɗauko buhuna daga kasuwar Maigatari, amma in ba kaya lafiya lau take. Wannan alama ce lagireto ba ya sanyaya ruwa yadda ya kamata.

Fara da waje. Ƙura da ƙaiƙayi suna toshe ƙofofin lagireto, a wanke shi da ruwa daga baya zuwa gaba. Sai ka danna fanbel da yatsa, in ya lotsa fiye da santimita 1, a ɗaure shi. Duba robar murfin lagireto ma, in ta tsage ruwa zai riƙa tafasa da wuri.

Abin da na fi zargi shi ne ruwan rijiya ko na burtsatse. Gishirinsa yana daskarewa a cikin bututun lagireto har ya toshe su. A kwance shi a kai wa mai gyaran lagireto ya zurara kowane bututu, daga nan a koma ruwan sanyaya inji na galan.

Don Allah kada ka zuba ruwan sanyi inji na zafi. Kan injin 504, wadda aka soma ƙerawa a Faransa a 1968, na alminiyam ne, yana lanƙwashewa, gasket (shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa) ya ƙone. In ka ga baƙin mai ya koma kamar madara, ko kumfa na tasowa a lagireto, to gasket ɗin ya ƙone. Idan bakanike ya cire kan injin, kada ya juya injin sai ya danne silinda (bututun da fistin ke kai-komo a ciki), domin na 504 suna ɗagowa, ruwa ya shiga cikin mai.