Amsa ga Jikata Kan Tantance Namiji da Mace a Cikin 'Yan Tsaki

Jikata, saƙonki ya iso ni, na kuma ji daɗin labarin cewa kazarki ta ƙyanƙyashe lafiya bayan kwancin kwana 21. Kin tambaye ni ko gaskiya ne abin da magabatanmu suke yi, wato a riƙe ɗan tsako ta ƙafafu a juyar da kansa ƙasa, in ya yi ta fizge-fizge a ce zakara ne, in ya yi lamo a ce kaza ce, da kuma batun cewa dogon ƙwai mai tsini shi ke fitar da zakara.

Ina girmama waɗanda suka koya mana kiwo, amma waɗannan hanyoyi biyu canke ne kawai. Tun da ɗan tsako ko dai namiji ne ko mace, mai canke zai dace a kusan rabin lokuta, sai ya riƙe ranar da ya dace, ya manta da ranar da ya kuskure. Siffar ƙwai kuwa daga uwar take, domin kaza ɗaya takan yi ta saka ƙwai masu kama da juna, alhali maza da mata na fitowa daga cikinsu. Ina roƙonki kada ki rataye tsako ta ƙafa, jikinsa bai yi ƙwarin da zai jure haka ba.

Akwai masu iya tantancewa tun ranar ƙyanƙyasa, sai dai sana'a ce da ake koyo da dogon horo. A Japan aka fito da ita, inda Kiyoshi Masui da abokan aikinsa suka nuna cewa a bakin duburar tsako namiji akwai wani ɗan ƙullutu ƙanƙane. Gwanayen wannan aiki suna matsa cikin tsakon a hankali su duba, amma hannun da bai saba ba yana iya yi masa lahani har ya mutu, don haka ki bar wa masu shi. Haka kuma za ki ji ana cewa a buɗe fiffike, in gashin layin gaba ya fi na samansa tsawo mace ce, in sun yi daidai namiji ne. Wannan gaskiya ne, amma a kan kajin da aka haɗa irinsu musamman domin hakan, kuma a kwanakin farko kaɗai. Launi ma haka yake: a irin kajin ƙwai na ISA Brown, matan kan fito jajaye-jajaye, mazan kuma farare. Kajin da suka gauraya a tsakar gida ba sa bin wannan ƙa'ida.

Abin da zai amfane ki shi ne lura, daga mako na huɗu zuwa na shida. Ki tara 'yan tsakin da aka ƙyanƙyashe rana ɗaya, ki gwama su da juna, domin gwamawar ce ke fito da bambancin. Zankon namiji yakan riga girma ya yi ja, leɓen da ke ƙarƙashin bakinsa ya fara saukowa, yayin da na macen yake nan ƙarami, fari-fari ko ruwan ɗorawa. Ƙafafunsa sun fi kauri, tsayuwarsa a miƙe take, kuma za ki ga maza biyu sun yi cirko-cirko, gashin wuya a tashe, ko da yake mata ma kan yi hakan jefi-jefi, saboda haka kada ki yanke hukunci da alama ɗaya.

Idan suka kai wata uku, ki shafa gashin bayansu kusa da wutsiya. Na zakara siriri ne mai tsini da sheƙi, yana zubowa gefe, na sagara kuwa bakinsa a zagaye yake. Daga nan sai cara, wadda takan fara a shaƙe wajen wata huɗu zuwa biyar, sagara kuma ta soma saka ƙwai kusan wata biyar zuwa shida. Kafin lokacin, ki ɗaura zare mai launi sako-sako a ƙafar waɗanda kike zaton maza ne, kina sassauta shi yayin da ƙafar ke kauri, sannan ki rubuto mini yadda zatonki ya kasance.