Amsa: Ina ƙananan ƙungiyoyin Firimiya ke samun kuɗin sayen 'yan wasa?

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda ƙungiyar da ke can ƙasan teburin Firimiya ke iya sayen ɗan wasa mai tsada, alhali filinta ƙarami ne. Kuɗin tikiti kaɗan ne a cikin lissafin. Talabijin ne ke riƙe da su.

Tun 1992 gasar ke sayar da 'yancin nuna wasanninta a dunƙule. Yarjejeniyar cikin gida ta 2025 zuwa 2029 da tashoshin talabijin na Sky da TNT Sports da BBC ta kai fam biliyan 6.7. Rabin kuɗin gida ana raba shi daidai wa daida tsakanin ƙungiyoyi 20, kashi 25 cikin ɗari bisa matsayi a tebur, sauran kuma bisa yawan wasannin da aka nuna maka kai tsaye. Idan aka haɗa da kuɗin ƙasashen waje, ko ta ƙarshe takan tashi da fiye da fam miliyan 100 a kaka ɗaya.

Sannan ga kuɗin ƙasashen waje, inda mu ma muke ciki: abin da masu gidan kallo ke biyan DStv, wani ɓangarensa SuperSport, tashar wasanni ta DStv, ke miƙa wa Ingila. A ganina, wannan rabon ne ya sa ƙananan Ingila suka fi takwarorinsu na Sifaniya ƙarfin aljihu.