Yadin da ake kira "siliki": ya halatta in ɗinka wa maigida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina da keken ɗinki a gida, ni ke ɗinka wa maigida da yarana maza kayan shan iska. Maigida na fama da ƙaiƙayi da zarar zafi ya shigo, sai na sayo yadi huɗu mai santsi da sheƙi a Kantin Kwari, mai shago ya ce siliki ne. Wata a Islamiyyarmu ta ce haramun ne ga namiji. Ban yanka ba tukuna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kin kyauta da ba ki sa almakashi ba, 'yar'uwa. Haramcin alharini ga namiji baligi magana ce da aka gama. Abin dubawa shi ne zaren da aka saƙa yadinki da shi, domin alharinin da shari'a ta hana shi ne wanda tsutsa ke yi, kuma yana da tsadar da ba kasafai ake yin kayan zaman gida da shi ba. Galibin mai sheƙin nan na kasuwa roba ne.

Ki zare 'yan silalla daga bakin yadin, na tsaye daban, na kwance daban, ki kusanta su da ashana. In ya narke ya dunƙule ya yi tauri, roba ne. In ya yi ƙaurin ƙonannen gashi, tokarsa ta murmushe a yatsa, alharini ne ko ulu. Auduga kuwa ƙaurin takarda take yi. In roba ne, halal ne. In zallan alharini ne, ki ɗinka wa kanki. In gauraye ne, malamanmu na Malikiyya sun fi karkata ga karhanci, barinsa ya fi.

Akwai masu hana na robar ma, wai tun da ya yi kama da alharini a laushi da sheƙi, hukuncinsu ɗaya. Wannan magana ba ta da ƙarfi. Asalin tufafi halacci ne, ba a fitar da wani daga ciki sai da dalili, nassi kuma abu sananne ya ambata, bai ambaci laushi ba. Da sheƙi ne dalili, da shadda bugaggiya ta haramta, alhali auduga ce, kuma malamai na hawa mumbari da ita. Hatta alharinin gaske, hadisin Umar a Sahihu Muslim ya halatta faɗin yatsa biyu zuwa huɗu. In suka ce kamanceceniya da mata ce, sai mu ce wannan al'adar gari ke tantance shi ta launi da zane da fasalin ɗinki. Sunan da ɗan kasuwa ya laƙaba wa hajarsa ba ya haramta komai.

Sai dai halaccin bai biya miki buƙata ba. Roba ba ta shan zufa, tana riƙe zafi a jiki, ƙaiƙayin ƙaruwa zai yi. Ki nemi auduga zalla marar nauyi. Ki jiƙa ta, ki wanke, ta bushe kafin ki auna, saboda tana tsukewa a wankin farko; in kin yanka da sitacinta, wando zai ɗage, hammata ta matse. Ki saki ɗinkin, ki kwantar da haɗin ciki kada ya riƙa gogar fata. An yi wa Zubairu da Abdurrahman bn Auf rangwamen sa alharini saboda ƙaiƙayi, amma kada a yi saurin fakewa da wannan alhali auduga na nan. Maigidan kuma ya ga likita.

Inda na fi ji miki tsoro shi ne shara-shara, tunda da kayan nan za a yi salla. Bayan wanki, ki sa tafin hannunki a ƙarƙashin yadin cikin rana. In launin fata ya bayyana ƙarara, bai suturta al'aura ba, salla da shi kaɗai sai an sake. In bai nuna launi ba amma yana manne wa jiki yana fitar da sura, makaruhi ne. Farin boyel ya fi yaudara, musamman in ya jiƙe da zufa, don haka ki yi wa wandon shafi daga ƙugu zuwa ƙasan gwiwa. Naki kayan ma haka, shimi a ciki in akwai baligan da ba muharramanki ba a gidan.

Wallahu a'alam.