Sun ce ɗakin hucewa ne, ki tambaye su wa ke riƙe ƙofar

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, na ga tambayarki tun da asuba, sai yanzu na samu zama bayan na taso daga aiki. Kin ce ɗanki mai shekara bakwai, mai lalurar otizim, ya fara kuka duk safiya idan ya hango motar makaranta, daga baya wata mai taimaka wa malamarsu ta tsegunta miki cewa idan ya birkice ana kai shi wani ɗan ɗaki a bar shi shi kaɗai. Kina so ki sani ko dokar Amurka ta yarda da haka. Sannu, Allah ya kawo sauƙi. Ni ba lauya ba ce, amma na sha wannan ruwan da nawa yaron shekara shida da suka wuce.

Amsar ba mai daɗi ba ce. Babu dokar tarayya da ta hana, kowace jiha da nata tsarin. A 2009 ofishin binciken gwamnati, GAO, ya fitar da rahoto a kan ɗaruruwan ƙorafe-ƙorafe na cin zarafin yara ta hanyar kullewa da dannewa a makarantu, har da waɗanda suka rasa ransu. A 2010 majalisar wakilai ta amince da ƙudurin da zai taƙaita abin, ya je majalisar dattawa ya maƙale, kuma tun lokacin ana ta sake kawo shi ba ya wucewa. Abin da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta fitar a 2012 shawarwari ne guda 15, ba doka ba.

Don haka jihar da kike ita ce maganar. Jojiya ta hana tun 2010, bayan wani yaro ɗan shekara 13 ya rataye kansa a irin wannan ɗakin a 2004. Fulorida ta hana a 2021, Merilan ta hana a makarantun gwamnati a 2022, Niyok kuma a 2023. A Ilinoi sai da 'yan jaridar Chicago Tribune da ProPublica suka tono a 2019 cewa an killace yara fiye da sau 20,000 cikin shekara ɗaya da 'yan watanni, sannan aka tashi tsaye. Jihohi da dama har yanzu sun yarda, amma yawanci da sharaɗin cewa yaron na gab da ji wa kansa ko wani rauni. Ƙin yin aikin aji, ko ihu, ko kwanciya a ƙasa, ba sa cikin wannan.

Ga inda aka yi min wayo, kuma nan nake so ki buɗe kunne. Da na tambaya, shugabar makarantar yarona ta yi murmushi ta ce ai su ba sa killace yara, ɗakin hucewa ne kawai, yaro ya je ya samu natsuwa. Na dawo gida har ina jin kunyar na zarge su. Wata uku bayan haka na je ɗaukarsa ba tare da na sanar ba, saboda zai ga likitan haƙori, na tarar da shi a ɗakin. Bai fi wurin ajiye tsintsiya girma ba, an liƙa katifu a bango, babu taga sai ɗan gilashi a ƙofa. Ƙofar ba ta da kwaɗo, gaskiya ne. Amma wani ƙato ne ya jingina da ita daga waje, yarona kuma ya yi fitsari a wando. A ma'anar da gwamnatin tarayya ke amfani da ita, killacewa shi ne a ajiye yaro shi kaɗai ba da son ransa ba, a wurin da aka hana shi fita. Ko da kwaɗo, ko da kafaɗar mutum, duk ɗaya ne. Sunan da suka raɗa wa ɗakin ba ya canza komai. To ki tambaye su: in ya so fita, zai iya? Wa ke tsaye a ƙofar?

Kuma ki yi tambayar a rubuce. Wannan ne ya fi yi min wuya, don mu an raine mu da cewa malami uba ne, ba a ja da shi, ka kai yaro ka ce ga shi nan, amana. A nan maganar baka iska ce. Ki tura imel ki nemi duk takardun da aka rubuta a kan ɗanki: ranar da aka sa shi, minti nawa, me ya faru kafin nan, wa ya kai shi. Dokar FERPA, wato dokar tarayya a kan bayanan ɗalibai, ta ba su kwana 45 su nuna miki bayanan karatunsa. Da na samu nawa, na ƙirga sau 19, an taɓa kirana a kan biyu kacal. Da na jera su sai na ga kusan duka bayan cin abincin rana ne. Hayaniyar ɗakin cin abinci ce take hargitsa shi, ba taurin kai ba.

Da wannan na nemi zaman IEP, wato taron da ake tsara karatun yaro mai buƙata ta musamman a ƙarƙashin dokar IDEA, dokar tarayya ta ilimin yara masu nakasa. Ba sai kin jira na shekara-shekara ba, kina iya nema ko yaushe. Ki ce a yi masa binciken gano musabbabin halayyarsa, wanda suke kira FBA, a rubuta tsarin da za a bi kafin abin ya kai ga birkicewa. Nawa an ba shi abin toshe kunne, yana cin abincinsa a aji da wasu yara biyu, ga katin hoto da yake nunawa idan yana son fita ya sha iska. Idan Turanci na ba ki wahala, haƙƙinki ne su kawo tafinta a kuɗinsu. Kada ki sa hannu a wurin taron. Ki kawo takardar gida ki karanta, domin wasu makarantun a cikinta suke cusa layin da ke nuna kin amince da ɗakin.

In sun yi kunnen uwar shegu, akwai gaba. Kina iya kai ƙara ma'aikatar ilimi ta jiharku cikin shekara ɗaya, su kuma suna da kwana 60 su yanke hukunci. Ko ofishin kare haƙƙin jama'a na ma'aikatar ilimi ta tarayya, cikin kwana 180, a kan nuna bambanci ga mai nakasa. Hujjar bambancin a fili take: a ƙididdigar 2017 zuwa 2018, yaran da ke ƙarƙashin IDEA kashi 13 ne cikin ɗari na ɗalibai, amma su ne kashi 77 na waɗanda aka killace. Kowace jiha kuma tana da hukumar kare haƙƙin masu nakasa da ke ba da shawara kyauta. Su suka turo min wata mata ta zauna gefena a taro na biyu, ba ta yi magana fiye da sau uku ba, amma muryar kowa a ɗakin ta sauya.

Na san wasunmu na tsoron takardun zama. Tun 1982 kotun ƙoli ta yanke cewa yaro na da haƙƙin shiga makarantar gwamnati ko yaya takardun iyayensa suke.

Yau da daddare in kina masa wanka ki duba damatsansa da bayansa da gwiwoyinsa. In kin ga tabo ki ɗauki hoto, ki rubuta kwanan wata a littafi. Sannan ki faɗa min jiharku ta saƙon sirri, in nemo miki dokarta mu karanta tare kafin ki tura imel ɗin.